Tseren Karnuka Ba Tare da Dusar Ƙanƙara Ba

Ku dubi mutumin nan da ke tsaye a kan keke mai taya uku. Babu inji, babu feda. Karnuka shida ne ke jan sa cikin daji, ƙura na tashi a bayansu. Wannan ba yawon shan iska ba ne, gasa ce mai alƙalai da agogo da lambobin yabo.

Asalin abin daga ƙasashen sanyi yake. A Alaska ta Amurka, karnuka ne ke jan amalanke marar taya a kan dusar ƙanƙara, kuma tun 1973 ake yin tseren Iditarod mai nisan kusan mil 1,000 zuwa garin Nome. To amma ƙanƙara ba ta shekara. Idan ta narke, masu karnuka sukan ɗaura su a abin hawa mai taya don kada jikinsu ya mutu. Sannu a hankali atisayen ya zama wasa mai zaman kansa, har IFSS, ƙungiyar tseren karnuka ta duniya, tana shirya masa gasar zakaru. A Aviemore ta Sikotilan, inda dusar ba ta da tabbas ko da hunturu, galibi a kan taya ake fafatawa.

Wasan iri-iri ne. Akwai kanikuros, inda mutum ke gudu da ƙafa, kare ɗaya na jan sa da igiyar da aka ɗaura masa a ƙugu. Akwai na keke, da na keken turawa da ƙafa, sannan babban keken tsayuwa mai karnuka huɗu ko shida ko takwas. Nisan kilomita kaɗan ne, kuma yawanci ɗaya bayan ɗaya ake sakin masu gasa, wanda ya fi ƙarancin lokaci shi ya ci.

Yanzu ku lura da igiyar. Tana talewa kamar roba, don kada fizga ta ji wa kare ko mutum ciwo a baya. Ba a wuya ake ɗaura ta ba, ɗamara ce ta musamman da ke kwanciya a ƙirji da kafaɗu. Kuma ba linzami, ba bulala. Da baki ake tuƙi: a ce "ji", karen gaba ya yi dama, a ce "ho", ya yi hagu. Bahaushe zai ce ai kuwa kalmar "ji" ta dace, don in karen bai ji ba, sai dai a tsinci direba a cikin ƙaya. Shi ya sa hular kwano ta zama dole ga masu hawa.

Karnukan ma ba duka ne masu gashi buzu-buzu ba. A Norway an haɗa jinsin karen farauta na Jamus da siririn karen tsere, aka samu wanda ake kira giresta, mai gajeren gashi da dogayen ƙafafu.

Babban abokin gabarsu zafi ne. Kare ba ya yin gumi kamar mu, da haki yake huce jikinsa, harshe a waje. Kuma wanda ke son gudu ba zai tsaya da kansa ba sai ya faɗi. Don haka da sassafe ake yawan yin gasar, a lokacin sanyi, da likitan dabbobi a wurin. Idan ma'aunin zafi ya haura ƙa'ida, sai a rage nisa ko a soke tseren, ko da kuwa mutane sun yi tafiyar kwana biyu kafin su iso.