Kano Zuwa Jidda: Awa Nawa Ne a Sama?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, iyayenmu, 'yan'uwa maniyyata, barkanmu da war haka.

Wata baiwar Allah ta tare ni a bakin ƙofa ɗazu, ta ce, "Malam, wai awa nawa za mu yi a sama? Ni ƙafata kumbura take yi." To, Hajiya, ga amsarki.

Daga Kano zuwa Jidda, in an miƙe hanya ɗoɗar, kusan kilomita 3,400 ne. Jirgin fasinja kuwa in ya daidaita a sama yana cin wajen kilomita 850 a awa ɗaya. Kun ga awa huɗu ke nan. Ku ƙara lokacin hawa da na sauka da jiran izini, sai a tashi da awa huɗu da rabi zuwa biyar.

Kada tikiti ya ruɗe ku. Agogon Saudiyya ya riga namu da awa biyu. In kun ga tashi ƙarfe 10 na dare, sauka ƙarfe 5 na asuba, ba awa bakwai ba ne, biyar ne.

Amma wannan lissafi duk na lokacin zaman lafiya ne. Miƙaƙƙiyar hanyar ta kan Chadi take bi, ta ratsa Sudan, ta tsallaka Bahar Maliya. Ranar 15 ga Afrilu, 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum, aka rufe sararin samaniyar Sudan. Alhazan waccan shekara zagaye aka yi da su, tafiya ta ƙara tsawo, jirgi ya ƙara shan mai, kuɗi suka ƙaru.

Nan ne abin yake taɓa mini zuciya, jama'a. Wannan ƙasa da muke tsallakewa muna gyangyaɗi a kujera, kakanninmu da ƙafa da jaki suka taka ta. Daga Maiduguri su shiga Chadi, su bi ta Abeche, su faɗa Darfur ta Al-Junaina, sai Al-Fashir, sai Al-Ubayyid, har Sawakin inda ake shiga jirgin ruwa. Guzuri ya ƙare, mutum ya tsaya ya yi ƙwadago a gonakin auduga na Jazira, ya tara, ya ci gaba. Wani shekara biyu, wani bakwai. Akwai wanda ya bar gida da goyo ya dawo da saurayi. Da yawa ba su dawo ba ma, can suka zauna. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Shuɗin Nilu a Sudan, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma har yau ana jin Hausa da Fulatanci a can.

Mutanen Al-Fashir ɗin nan da kuke ji a labarai cikin wahala, kakanninsu ne suka ba namu ruwa da masauki. Don Allah, in kun tsaya a Arfa, ku ambace su.

Hajiya, ke kuma ki roƙi kujerar bakin hanya, ki riƙa miƙewa kina ɗan takawa duk bayan awa guda.