Tarin Fuka Mai Kwanton Ɓauna a Gidajen Yari

Sadiya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Ni ce Sadiya, ga Malam Bashir, ga kuma Likita. Likita, wai da gaske mutum zai iya ɗauke da ƙwayar tarin fuka alhali ko tari ba ya yi?

Likita: Ƙwarai kuwa. Ƙwayar ta shiga huhu, garkuwar jiki ta killace ta amma ba ta kashe ta ba. Ba zazzaɓi, ba rama, kuma ba ya harbin kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya ƙwayar ta taɓa shiga jikinsu, kuma kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari nasu ne cutar kan tashi musu a tsawon rayuwa.

Bashir: To ai da sauƙi ke nan.

Likita: A waje da sauƙi, Malam. A gidan yari mutane suna kwana kafaɗa da kafaɗa, taga 'yar ƙarama can sama, an kulle ƙofa har gari ya waye. Mutum ɗaya mai cutar ya yi tari, iskar nan ba inda za ta, kowa sai ya shaƙe ta. Duk wanda ya daɗe a ciki, haɗarinsa ya fi yawa.

Sadiya: Mene ne ke tayar da wadda ta kwanta?

Likita: Babban shi ne ƙanjamau, don yana rushe garkuwa. Sai ciwon sukari, shan taba, da rashin abinci mai gina jiki. Wanda ya shekara a kan gabza kaɗai, ina jikinsa zai samu ƙarfin riƙe ƙwayar?

Bashir: Abin da ke ci mini rai shi ne, tun 2019 doka ta mayar da sunan gidajen yari zuwa gidajen gyaran hali, amma mafi yawan waɗanda ke ciki a Najeriya jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. Yaro ya shiga kan zargin satar waya, a sallame shi bayan shekara biyu, ya koma ɗakin mahaifiyarsa da ƙwayar a ƙirji. Gandirobobi ma kullum gida suke komawa wurin iyalansu.

Sadiya: To yaya ake gane ta, tunda ba alama?

Likita: Gwajin majina da na'urar GeneXpert na wanda cutar ta riga ta tashi masa ne. Ita mai kwanciya sai gwajin jini, ko 'yar allura a fatar hannu, a duba kumburin bayan awa 48 zuwa 72. Idan ya nuna, a fara tabbatar cutar ba ta tashi ba, sannan a ba da maganin kariya: isoniazid da rifapentine sau ɗaya a mako har mako 12, ko isoniazid kullum na wata 6. Ni dai burina a riƙa gwada kowa ranar shiga da ranar fita.

Bashir: Wanda ɗan'uwansa ya fito kwanan nan fa?

Likita: Ya raka shi asibitin gwamnati, ya faɗa musu daga inda ya fito, kada kunya ta hana. Idan kuwa tari ya kai mako biyu, ko yana gumin dare, yau ɗin nan za a je. Maganin tarin fuka kyauta ne.