Konga, Kifin da ke Zuba Ƙwai Sau Ɗaya Tak a Zurfin Teku

Masu kallonmu na Gombe da suka saba zuwa Dadin Kowa sayen kifi sun san tarwaɗa, sun kuma san gaiwa mai dogon jiki. To, ku riƙe siffar gaiwa a zuci, domin kifin da za mu yi bayani a kansa yau ya yi kama da ita a ido, duk da cewa babu dangantaka ta kusa a tsakaninsu. Sunansa konga, kuma a ruwan gishiri yake rayuwa.

Jikinsa sulɓi ne da shi, ba shi da ɓamɓaroki ko ɗaya, kamar dai tarwaɗa. Dangin nasa suna da nau'o'i fiye da 100, kuma mafi girma a cikinsu shi ne wanda masana ke kira Conger conger, wanda ake samu a gabashin tekun Atlantika tun daga Norwe har zuwa Senegal, da kuma Bahar Rum. Macen takan haura mita 2 a tsawo, alhali namijin da wuya ya wuce mita 1. Da rana yakan ɓuya a kogon duwatsu ko a cikin jiragen ruwan da suka nitse, sai dare ya yi ya fito farautar ƙananan kifaye da ƙaguwa.

Abin mamakin yana wajen haihuwa. Idan lokaci ya yi, kifin yakan daina cin abinci gaba ɗaya, haƙoransa su zube, ƙasusuwansa su yi laushi, hanjinsa ya shanye, domin duk ƙarfin jikin ya koma ga ƙwai. A wannan hali ne yake gangarawa can ƙasa, inda hasken rana ba ya kaiwa. A zurfin mita 1,000 kaɗai, nauyin ruwan da ke danne jiki ya ninka na iskar da muke ciki kusan sau 100. A can macen take zuba miliyoyin ƙwai, daga nan kuma ba ta dawowa, mutuwa take yi.

'Ya'yan da suka ƙyanƙyashe ba su kama da iyayensu ko kaɗan. Fale-fale suke kamar ganyen dogon yaro, kuma garau kamar gilashi, har masanan farko suka ɗauka wani kifi ne daban, suka raɗa musu suna leptocephalus. Igiyar ruwa ce take yawo da su fiye da shekara guda kafin su kusanci gaɓa, jikinsu ya dunƙule, su fara neman ramin da za su shige.