Yadda ake buga hoto a jikin farantin alminiyam

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Akwai wani hoto a hannuna, ba gilashi ba firem, kuma ko na zuba masa ruwa ba abin da zai same shi, a jikin alminiyam aka buga shi. Da yawa suna ɗauka fenti ne aka shafa ko sitika aka manna, a'a, kalar tana cikin fatar farantin ne, shi ya sa ko ka sa farce ba za ka kankare ta ba.

To ya ake yi? Farko dai ba kowane alminiyam ba ne. Wanda ake yin taga da shi ko tukunya ba zai karɓi hoto ba ko ka kwana kana gasa shi. Farantin aikin nan tun daga kamfani ake shafa masa wani siririn rufi na foliyesta, wato wani nau'in roba, kuma wannan rufin shi ne ke shanye kalar. Sunan da ya fi shahara a harkar shi ne ChromaLuxe, a birnin Louisville na jihar Kentucky a Amurka ake yinsa, kaurin farantin bai fi milimita 1 da 'yan kai ba.

Sai hoton. Za a buga shi a wata takarda ta musamman da tawadar sabilimeshan, wato tawadar da zafi ke mayarwa tururi, kuma a juye ake bugawa kamar yadda madubi ke nuna mutum, don idan aka kife shi ya fito daidai. Galibi firintar Epson ko Sawgrass ake amfani da ita saboda kan firintar, wato wurin da tawada ke fitowa, ba ya ɗumama tawada kafin ya fesa ta, ita kuwa tawadar nan zafi ne ke tayar da ita. Idan ka ga takardar ta fito dusu-dusu kamar ta koɗe kar hankalinka ya tashi, haka take, kalar gaskiya sai ta sha wuta.

Nan ne wurin da ya kamata a nutsu. Ka ɓare ledar da ke fuskar farantin, ka goge shi tsaf, don ƙura ɗaya tak idan ta maƙale tsakanin takarda da faranti za ta bar ɗigo wanda ba ya gyaruwa har abada, mu da muke fama da ƙurar hunturu sai mun ninka kula, a rufe ƙofa a rufe taga. Sai ka kife takardar a kai ka ɗaure ta da salatif mai jure zafi ta kowane gefe, in ta motsa ko kaɗan hoton zai fito da inuwa biyu-biyu, an yi asarar faranti kenan. Daga nan sai injin dannawa mai zafi, wajen digiri 200 a ma'aunin Salshiyos, minti ɗaya zuwa 'yan mintuna gwargwadon girman farantin. A cikin wannan zafin busasshiyar tawadar ba ta narkewa ta zama ruwa, kai tsaye take zama tururi, rufin foliyestan ya buɗe ya shanye ta, yana hucewa ya kulle da kalar a ciki. Masu buga hoton ango da amarya a jikin kofi na rabon biki, ai wannan hanyar ce dai suke bi.

Wani abu da mutane ba sa lura da shi, babu farar tawada a aikin nan. Duk inda fari yake a hotonka, launin farantin ne zai bayyana. In farantin mai farin rufi ne, fuska da farar shadda za su fito tas. In kuma wanda ake ganin ƙarfen ne, farin zai koma ruwan azurfa, yana kyau da hoton gini ko mota, amma ni dai ba na ba da shawararsa ga hoton fuskar mutum.

Akwai hanya ta biyu, wadda babbar firinta ke fesa tawada kai tsaye a kan allon Dibond, wato fallen alminiyam biyu da roba a tsakani, wata fitila ta musamman da ake kira UV tana busar da ita nan take. Ita tawadar a sama take zama, ta fi dacewa da allon talla.

Kafin ka kai aiki, don Allah kar ka tura hoton da ya zagaya WhatsApp, an riga an matse shi, in aka faɗaɗa zai farfashe kuma alminiyam ba ya ɓoye aibi. Ka tura asalinsa a matsayin dokumen. Idan ka karɓo kuma kar ka rataye shi inda rana ke dukansa kullum, zai koɗe a hankali, in ya yi ƙura tsumma mai laushi da ɗan ruwa ya wadatar.