Yadda nake shiga rol da yadda nake riƙe shi har a gama shuting

Assalamu alaikum jama'ar zango, na Aboabo da Asawase da Sawaba nan Kumasi, da 'yan'uwanmu na Nima da Mamobi can Accra. Yau zan amsa tambayar da ta fi kowace dawo mini ne, a wajen biki, a cikin trotro, wato motar haya, har a bakin masallaci bayan Juma'a: wai idan ka fito a fim kana kuka, kukan gaske ne? Wai da gaske idan mutum ya shiga rol mantawa yake da kansa? Akwai ma wata innata da ta riƙe hannuna ta ce ɗan nan gaya mini gaskiya, ba wani abu ne yake hawan kanku ba ko? Na ce Inna wallahi babu abin da yake hawan kowa, aiki ne, kuma bari in nuna muku yadda aikin yake.

Ku dubi wannan tsumman da ke hannuna. Da shi zan yi muku bayanin.

An taɓa ba ni rol na mahauci, dattijo mai 'ya'ya, a wani diramanmu na zango. Da darakta ya miƙo mini sikirif na karanta sau uku a daren, na haddace layukana tas, washegari na je rihazal ina ganin na gama. Ina buɗe baki ya ce tsaya. Ya ce maganar daidai ce amma hannunka na ɗan makaranta ne, mahauci ba haka yake tsayawa ba. Abin ya tsaya mini a rai, don gaskiya ya faɗa. Shi ne na tafi kasuwa wajen wani dattijo mai teburin nama, na gaishe shi na durƙusa na ce Baba so nake in zauna kusa da kai in ga aiki. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce yaro in zama za ka yi to ɗauki tsintsiya, a nan ba a zaman banza. Sati biyu ina zuwa tun bayan asuba.

To abin da na gani a sati biyun nan babu ko ɗaya a cikin sikirif. Baba ba ya karɓar kuɗi da tafin hannu, da 'yan yatsu biyu yake cafe takardar sidi ya jefa a gwangwani saboda hannun duk kitse ne. Ba ya kallon naman idan yana sara, fuskar kwastoma yake kallo, hannun ya riga ya san hanya. Kafaɗarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka, shekara da shekaru na ɗaga adda. Kuma kafin ya yi duk wata magana mai nauyi, ko ciniki ne ko faɗa da yaransa, sai ya ja tsumma daga kafaɗa ya goge hannu a hankali tukuna, yatsa bayan yatsa, sannan ya yi magana. Ranar da na ga wannan na san na samu mutumin. Daga ranar na rataya tsumma a kafaɗa, kuma abin mamaki da zarar na goge hannu haka sai muryata ta sauka da kanta, numfashina ya yi nauyi, ban ma yi ƙoƙarin canza murya ba.

Wannan abin ba ni na ƙirƙiro shi ba. Akwai wani mutumin Rasha, Konstantin Stanislavski, an haife shi 1863 ya rasu 1938, shi da abokin aikinsa Nemirovich-Danchenko suka kafa gidan wasan kwaikwayo na Moscow Art Theatre a 1898. A zamaninsa 'yan wasa ihu suke yi a dandamali, a buɗe hannu a zaro ido, shi kuma ya ce a'a, ɗan wasa ya zauna ya tambayi kansa: wane ne wannan mutumin, daga ina ya fito, me ya same shi kafin ya shigo ɗakin nan, kuma me yake so a wannan sin ɗin? Sai babbar tambayar, da a ce ni ne a wannan halin me zan yi? A ƙarshen rayuwarsa ya fi karkata ga cewa ka fara da abin da jiki yake yi, zuciya za ta biyo baya. Tsummana ke nan.

Da koyarwar ta isa Amurka sai ta rabu. Lee Strasberg, wanda ya shugabanci Actors Studio, wajen horar da 'yan wasa a New York, daga 1951, ya fi ba da ƙarfi ga tono abin da ya taɓa samunka, wato in za ka yi kuka a fim ka tuno mutuwar da ta taɓa girgiza ka. Stella Adler kuwa, wadda ta je Paris a 1934 ta yi karatu wajen Stanislavski da kansa, ta dawo ta ce ba haka ba, ka yi aiki da tunaninka da halin da labarin ya ba ka, ka bar ciwon ranka ya huta. Ni dai a wannan rigimar ina bayan Adler, kuma zan gaya muku dalili. Na taɓa gwada tuno rasuwar kakata don in yi kuka a gaban kamara. Hawaye sun zo kam, tek na farko, wato ɗaukar farko, na biyu. A na biyar babu komai sai ciwon kai, kuma na koma gida ina jin kamar na ɗauki abin da ba na sayarwa ba na kai kasuwa. Ban sake ba. Yanzu idan sin na kuka ne, abin da mutumin yake so nake riƙewa. Mahaucin nan ba kuka yake so ya yi ba, so yake kar 'ya'yansa su ga ya karye, sai in dage in hana hawayen, to wannan dagewar ce take sa masu kallo su yi kukan, wani lokaci ni ma ya ƙwace mini.

Sai maganar harshe, kuma a nan mu 'yan zango muna da aikin da ɗan wasan Kano ba shi da shi. Hausarmu ta Gana daban take, da yawanmu ba ma raba namiji da mace a magana, mace ma sai a ce ya zo, ga Tuwi, yaren Asante, ga Turanci duk a jimla ɗaya. To idan an ba ka rol dole ka yanke shawara, wannan mutumin a Aboabo aka haife shi ko kuwa da girmansa ya zo daga Sakkwato ko Nijar? Wanda ya zo da girmansa zai ce ta zo, zai ja gaisuwa, ina gajiya ina gida ina labari, kuma in ya yi Tuwi da kwastoma za ka ji nauyin harshen. Yaron da aka haifa a nan kuwa chale, wato aboki, ne a bakinsa kafin sallama ta ƙare. Na sha ganin fim ɗinmu inda tsoho mai furfura yake magana kamar ɗan shekara ashirin na bakin titi, raina yana ɓaci, don furfurar hoda ce kawai aka shafa, ba a shafa wa harshen komai ba.

Yanzu mu zo kan riƙe rol, wanda shi ne ya fi wahala. Abin da masu kallo ba su sani ba shi ne ba a ɗaukar fim a jere. Lokeshan ake bi. In an samu aron gida na kwana biyu, duk sin ɗin da ke cikin gidan nan za a ɗauke shi a kwana biyun, na farkon labari da na ƙarshe. Ni a diraman nan ranar farko aka ɗauki sin ɗin da nake zaman makokin ɗana, alhali yaron da ya fito a ɗan nawa ko gaisawa ba mu taɓa yi ba sai da safen. Bayan awa ɗaya an canza mini riga ana ɗaukar ranar sunansa ina dariya. Ga wuta ta ɗauke a jira janareta, ga mai aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, ya wuce da ƙara a sake, ga rana ta juya mai kamara ya ce hasken ya canza. Sannan kuɗi suka yanke aka tsaya sati uku cur. Da muka dawo aka ce to ci gaba daga inda ka buɗe ƙofa, ƙofar da na buɗe sati uku da suka wuce.

Ta yaya za ka dawo da mutum ɗaya bayan sati uku? Ni littafi nake riƙewa, ƙaramin littafin makaranta na yara. Kowane sin ina rubuta abu uku, daga ina na fito, me na sani zuwa yanzu, me ban sani ba tukuna. Na ukun nan shi ne tarkon, saboda kai ɗan wasa ka karanta ƙarshen labari, ka san yaron zai mutu, amma uban bai sani ba, in ka bari baƙin cikin ya shigo idonka tun ranar suna ka kashe fim ɗin. Mai kula da kontiniti zai riƙe maka hula da riga da inda ka ajiye kofi, amma abin da ke cikin ido babu mai riƙe maka. Sai kuma tsumman. Ban wanke shi ba duk tsawon shuting, a leda nake ƙulle shi, in na buɗe warin kasuwar ya bugi hancina na rataya shi na goge hannu, kafaɗa ta sauka, shi ke nan Baba ya dawo kafin a ce akshin.

Na san za ku kawo mini maganar Turawa masu zama cikin rol dare da rana. Gaskiya ne akwai su. Robert De Niro ya karɓi lasin ya yi tuƙin tasi a New York kafin fim ɗinsa na 1976, kuma ya ƙara wajen kilo 27 don rol ɗin ɗan dambe a fim ɗinsa na 1980. Daniel Day-Lewis a 1989 da ya fito a matsayin Christy Brown, marubucin nan ɗan ƙasar Ireland da ƙafar hagu kaɗai yake iya sarrafawa, ƙin tashi ya yi daga keken guragu ko an ce kat, sai dai a tura shi a ba shi abinci a baki, kuma ya ci Oscar, babbar kyautar fina-finan Amurka, da shi, ɗaya daga cikin guda ukun da ya ci. Ina girmama aikinsu ƙwarai. Tuƙin tasin nan ma shi ne zaman da na yi a kasuwa. Amma zama cikin rol ba fita, wannan ba namu ba ne, kuma ina gaya wa ƙannena masu tasowa kar su ɗauka shi ne ma'aunin gwaninta. Su suna da wata da watanni da mutane masu yi musu hidima, kai kuwa ana tashi daga lokeshan shago za ka koma ko ka je ɗauko yara daga makarantar allo. Kuma mu muna da abin da yake katse mu sau biyar a rana. In aka kira salla ni ne nake alwala, da sunana da ubana ya raɗa mini, ba mahauci ba, ba ɗan daba ba, ba boka ba. Sai ka iya ajiyewa ka ɗauka, ka ajiye ka ɗauka, kuma wallahi wannan ya fi zama a ciki wuya.

Fitar ma sai an koya. Lokacin diraman nan akwai daren da na dawo gida a gajiye ban cire komai daga jikina ba, ƙanwata ta kawo mini tuwo ta yi wata 'yar magana, sai na ji na amsa mata da muryar da ba tawa ba, mai kauri, irin ta uban da ba a musu da shi. Yarinyar ta yi tsit ta fita. Mahaifiyata tana zaune a kan tabarma tana jan carbi, ba ta ɗaga murya ba, ta ce wannan baƙon da ka shigo mana da shi, gobe ka bar shi a ƙofar gida. Na je na ba ƙanwata haƙuri a daren. Tun daga nan na sa wa kaina doka, ana cewa an tashi zan cire kayan rol a lokeshan ba a gida ba, in wanke fuska da hannu har gwiwar hannu, in ƙulle tsumma a leda, in taka da ƙafa ko daga bakin titi ne zuwa gida, in tsaya in gaisa da mai koko da muryata.

Da fim ɗin ya fito na kai wa Baba a waya har teburinsa. Ya kalli sin ɗin makokin bai ce komai ba, kwastoma na jira, kudaje na tashi. Da ya zo daidai inda nake goge hannu yatsa bayan yatsa kafin in yi wa 'ya'yana magana sai ya ɗago ya ce yaro wannan a ina ka samo? Na ce wajenka Baba. Ya ce ni haka nake yi? Ya juya ya tambayi yaransa, duk suka ce eh Baba kullum. Ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya yanko tsoka mai kyau ya naɗe a takarda ya ce kai wa mahaifiyarka.

A bidiyo na gaba zan nuna muku littafin nan shafi-shafi, yadda nake yanka sikirif in raba kowane sin. Wanda yake da rol a hannu yanzu ya rubuto mini wane irin mutum ne aka ba shi, mu duba tare inda zai je ya zauna ya kalle shi.