Minsharin da ya tashi unguwarmu ƙarfe 2 na dare

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da idanun nan nawa da suka yi ja, rabona da barci tun ƙarfe 1 na daren jiya. Ina nan Shefil a Ingila, sanyi a waje kamar ya cire wa mutum kunne, wannan kofin shayi na uku ke nan. Amma sai na ba ku labarin nan kafin in fita aiki, don in na bar shi a cikina dariya za ta ƙwace mini a cikin bas.

Ƙarfe 1 da 'yan mintoci wayata ta yi ƙara. A gida ƙarfe 2 ke nan, don lokacin sanyi Najeriya tana gaban Ingila da awa ɗaya, sai ƙarshen Maris idan sun tura agogonsu gaba muke daidaitawa. Duk wanda yake zaune a waje ya san yadda gaba ke faɗuwa idan kiran gida ya shigo a irin wannan lokaci. Tun kafin ka ɗauka ka fara Innalillahi. Na duba, autanmu ne, kiran bidiyo ta WhatsApp. Na ɗauka, ba na ganin komai sai duhu, ba na jin komai sai numfashinsa. Can ya ce cikin raɗa, "Yaya, akwai mutum ɗakin Baba."

Baba shekararsa 3 da rasuwa, Allah ya jiƙansa da rahama. Ɗakinsa yana nan kusa da zaure a gidanmu na Runjin Sambo a Sakkwato, littattafansa da buzunsa da rediyonsa duk suna inda ya bar su. Ɗakin a kulle yake, makullin kuma yana ɗaure a haɓar zanin Inna, ba a buɗewa sai ranar shara. Na ce, "Wane irin mutum, Auta?" Ya ce, "Minshari shikai."

Ya matsa da wayar jikin ƙofa. Jama'a, na ji da kunnena. Numfashi ne mai tsawo, a ja shi, a sake shi da wani irin shhhh, a ɗan tsaya, a sake ja. In ya yi shiru sai ka ji kamar ana jan ƙafa, sannan ƙwas, ƙwas. Ina nan cikin bargo, tsakanina da su tafiyar jirgi ce ta yini guda, amma tsigar jikina ta tashi.

Kada wani ya ce tsoron banza ne. Mutanen Sakkwato sun san abin da ake ciki a gabashin jiha, wajen Isa da Sabon Birni. A gidanmu yanzu haka akwai 'yar ƙanwar Inna da 'ya'yanta biyu, waɗanda suka baro ƙauye saboda dare ya daina zama lokacin barci. Ita ce ma ta fara jin motsin, ta tashi kowa. Wanda ya taɓa kwana a daji da yara, ba a yi masa dariya don ya firgita da motsi.

To amma abin da ya biyo baya, wannan kam sai dariya.

Auta ya juya kyamara tsakar gida. Ga hasken sola, wadda ni na sa musu bara, kuma ku ga amfaninta, don an ɗauke wuta tun magariba. Babban wanmu ya fito lulluɓe da bargo saboda hunturu, hannu ɗaya taɓarya, ɗaya hannun yana riƙe da wando. Matarsa ta goya jaririya, ta rungume jakar takardun makarantarta, ta tsaya a bakin ƙofar fita, ƙafa ɗaya a waje. Inna tana zaune a kan turmi da carbi, ta kama Ayatul Kursiyyu, in ta kai tsakiya minsharin ya ja sai ta koma farko. Ni na ƙirga, sau huɗu tana komawa.

Sai Gwaggo, abokiyar zaman Inna, ta kasa kunne, ta dafe ƙirji, ta ce, "Wallahi minsharin Malam na! Shekara talatin ina jin shi."

Inna ta dakata da carbi. Ta ce, "Ke dai ji tsoron Allah. Malam bai minshari irin wanga, nashi mai nauyi na."

Gwaggo ta ce ai da yake ya kwana biyu bai yi ba, dole ya canza. Tsofaffin nan biyu, cikin tsakar dare, gida cike da tsoro, suka kama gardama a kan yadda mijinsu yake minshari. Ɗan wanmu mai shekara 6 kuma ya ja zanin uwarsa yana tambaya, in Kaka ne ya dawo, ko ya zo masa da alawa. Na toshe baki da bargo, hawaye na zuba, ban san na dariya ne ko na kewa ba.

Wanmu ya leƙa waje ya ɗaga murya sau ɗaya tak: "Jama'a, a kawo ɗauki!" Sau ɗaya fa. Kafin minti biyar zaurenmu ya cika. Mai shayin bakin layi ya zo da gora. Ɗan sintiri ya zo da usur da tocila. Telan da ke kallon gidanmu ya fito da almakashi, takalminsa wari ɗaya. Na'ibin masallacinmu ya zo cikin jallabiya da hular sanyi. A nan fa nake so ku tsaya, don wannan ne abin da nake alfahari da shi.

Bara war haka, a nan gidan da nake haya, na ji ihun mace cikin dare, ihu irin na wadda ake yankawa. Na tsaya a taga jikina yana ɓari, na duba layin nan kaf, ko labule ɗaya bai motsa ba. Da safe maƙwabciyata ta ce mini yanyawa ce, irin tasu ta nan mai jan gashi, wai watan Janairu lokacin barbararsu ne, haka suke kuka. To ita ta sani, amma da mutum ne fa? A nan in ka buga 999 'yan sanda za su zo, wannan gaskiya ne, ban hana su ba. Amma maƙwabci ya fito da wari ɗaya na takalmi saboda kai? Ka manta kawai.

Gidajen nan ma ba sa yin shiru. Bene na katako ne, bututun ɗumama ɗaki yana ƙwanƙwasa idan ya ɗauki zafi ko ya huce. Farkon zuwana na kira mai gyara, ya murɗa wani ɗan kusa iska ta fita, minti goma bai cika ba ya karɓi fam 70. Akwai kuma na'urar jin hayaƙi da ke manne a silin, in batirinta ya yi rauni sai ta riƙa yin cit, cit, kusan kowane minti, kuma ta fi yi da tsakar dare saboda sanyi yana rage ƙarfin batir. Batirin fam 3 ne. In za ka zo ƙasar nan, ranar da ka karɓi makulli ka tambayi mai gida yaushe aka canza shi, ni dai na gaya maka.

Mu koma Sakkwato. Inna ta kwance makulli, hannunta yana rawa, ta miƙa wa Na'ibi. Ya yi bismillah ya buɗe. Ɗan sintiri ya haska. Ba kowa. Gado a gyare, buzu a naɗe, har ƙarƙashin gado an duba. Ana cikin cewa alhamdulillahi, sai minsharin ya ja a saman kansu. Jama'a, ban ga komai ba daga nan sai ƙasa da ƙafafu, don Auta ma da gudu ya fita. Tela ya bar ɗaya warin takalmin a ciki. Aka koma tsakar gida ana cewa mutanen ɓoye ne. Na'ibi ya kama Falaƙi da Nasi, yana gaya wa Gwaggo cewa wanda ya rasu ba ya dawowa, ta bar wannan magana.

A guje-gujen nan ne na ji sautin sosai, daga sama yake zuwa, kuma ba murya ɗaya ba ce. Sai wani abu ya faɗo mini. Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita a wani ƙauye bayan gari, gidan gona ne. A watan Yuli na yi aikin dare a can, na ji irin wannan sak daga rumbun ciyawarsu. Ɗanta ya kai ni da fitila ya nuna mini wani akwati da suka kafa a sama. 'Ya'yan farar mujiya ne, haka suke kiran uwarsu ta kawo abinci, kamar mutum yana minshari.

Na ce, "Auta, sa ni a lasifika." Na ce, "Inna, ku kwantar da hankalinku, ɗiyan mujiya na cikin silin."

Na ɗauka hankali zai kwanta. Ina! Gwaggo ta ɗora hannu a ka ta ce, "Mujiya? Gara ma a ce Malam na!" Matar wanmu ta ja mayafi ta rufe kan jaririya, don kun san yadda muka taso, ana cewa tsuntsun mayu ne, in ya yi kuka a gida za a yi rasuwa. Ba banza ba ake ce wa wanda kowa ya tsana an mayar da shi mujiya. Allah ya saka wa Na'ibi da alheri, shi ya tsaya ya ce wannan camfi ne, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kore shi da bakinsa, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, kuma malamai da yawa sun fassara tsuntsun da aka ambata a ciki da mujiya.

Aka kawo tsani. Ɗan sintiri ya hau, ya ɗaga murfin silin, ya sa kai da tocila, Auta ya miƙa masa wayar. Na gan su. Guda huɗu, jere a lungu, fararen fuskoki, baƙaƙen idanu, suna karkaɗa kai suna huci. Babban ya kusa yin gashi, ƙaramin kamar dunƙulen auduga, don ba rana ɗaya ake ƙyanƙyashe su ba. Ƙwas ƙwas ɗin nan kuwa baki suke haɗawa. Ta wajen gida aka ga inda suka shiga, wani katako ne a ƙarƙashin kwano da iskar damina ta ɓalle. Ana tsaye ana nunawa, sai uwar ta zo ta saman kawunansu, fara fat, da ɓera a ƙafa, ko motsin fiffike ba a ji ba. Unguwa guda ta durƙusa lokaci ɗaya.

Samari suka ce a sauko da su a kashe. Nan na tashi zaune sosai, na ce wallahi ban yarda ba, silin nan ni na biya kuɗinsa. A nan Ingila akwai doka tun 1981 da ta hana a taɓa sheƙar wannan tsuntsu yana da ƙwai ko 'ya'ya, manoma da kuɗinsu suke sayen akwati su kafa don ya zo ya zauna. Abincinsa ɓeraye ne, yana haɗiye su ɗungum, ya amayar da gashi da ƙashi a dunƙule. Da kunne yake farauta, kunnuwansa ma ɗaya yana ɗan sama da ɗaya a kai, shi ya sa yake gane inda ɓera yake ko a baƙin duhu. Na ce, "Inna, tsakaninki da Allah, yaya ɓeraye a sito bana?" Ta yi shiru. Can ta ce lallai tun kaka ba ta ga an huda buhun gero ba, ta ɗauka maganin da ta sa ne. Na ce to maganin nan a daina sa shi, don in mujiya ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tafiya za ta yi, 'ya'yan su mutu a silin, wari ya kore ku daga gidan.

Kuma ku da kuke gida, don Allah ina roƙonku, in za ku kira ɗan'uwanku da ke waje cikin dare, kalmar farko ta zama "lafiya lau". Ku faɗe ta kafin sallama ma in ya yiwu. Mintocin nan na farko ni kaɗai na san abin da na ji.

Wajen ƙarfe 4 nasu ba wanda ya koma barci. Mai shayi ya ce tunda an tashi an tashi, ya hura wuta a ƙofar gidanmu. Na tura wa Auta naira 10,000 na ce a ba kowa shayi da burodi. Ya jingina wayar a jikin buta, ina kallonsu sun kewaye wuta cikin hazo, ana kwaikwayon yadda Tela ya yi tsalle, har aka kira assalatu, masallaci yana karɓa wa masallaci. Ni kuwa ga ni a ɗaki ni kaɗai, bututu yana ƙwanƙwasa. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba.

Da safen nan Inna ta turo saƙon murya. An yi magana da kafinta, zai zo ya toshe ramin, amma sai nan da wata biyu idan sun tashi. Ɗan wanmu ya riga ya raɗa wa duk huɗun suna. Gwaggo kuma ta ce a gaya mini ta yarda mujiya ce, amma na tsakiyan nan, in ya ja numfashi, Malam sak.

Bas ɗina ƙarfe 8 da kwata ne, bari in nemi safar hannu. Sai na dawo.