Dimitiri mai dogon numfashi: lacca kan sana'ar mawaƙin opera

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla, a ɗan rage fankar nan don Allah tana kwashe min takardu. Ranka ya daɗe shugaban zama, iyayenmu mata, ɗalibai, abu uku na zo da su yau kan mutum ɗaya, Dmitri Hvorostovsky, mawaƙin opera ɗan Rasha, mu dai mu ce masa Dimitiri kar harshe ya harɗe. Na ɗaya asalinsa, na biyu aikin kansa, na uku yadda ake cin abinci da sana'ar.

An haife shi a 1962 a Krasnoyarsk can cikin Saberiya, babansa injiniya mamarsa likita, ya yi karatun waƙa a garinsu wajen wata malama Yekaterina Yofel, ya ci gasar waƙa ta Glinka a 1987. Shi ke nan na ɗaya, mu wuce.

Muryarsa ita ake kira bariton. Muryar maza a wajensu kashi uku ce, tenor a sama, bas a ƙasa, bariton a tsakiya. Kuma a wasan opera, wanda wasan kwaikwayo ne da ake rera kowace magana, tenor ne saurayin da budurwa ke so, shi kuwa bariton sai a ba shi uba, ko sarki, ko abokin takara. Wato duk daɗin muryarka ba kai za a ɗaura wa auren ba, kai ne waliyyin da ya ce bai yarda ba! (dariya)

To ga abin da ya kawo ni, numfashi. Numfashi jama'a. Ku fara riƙe wannan, a opera ba makirifo. Babban zauren Metropolitan na New York yana cin mutum wajen 3,800, ga makaɗa gommai a rami gaban dandamali da goge da ƙaho da ganguna, kai kuma mutum ɗaya da maƙogwaronka dole na kujerar ƙarshe ya ji ka. Ba ihu ake ba, wanda ya yi ihu kafin a kai rabin wasa murya ta dishe. Horo ne na shekaru har murya ta samu wani kaifi da ke ratsa kiɗan ya fita, kuma tushen duk wannan iska ce, yadda za ka cika huhu har haƙarƙari su buɗe, sannan ka hana ta fita gaba ɗaya, ka riƙa sakinta kaɗan-kaɗan. Kun san mai algaita, yana kumbura kumatu ya tara iska a baki, yana busa yana shaƙa ta hanci, sauti ba ya yankewa. Mawaƙi ba shi da wannan dabarar, abin da ya shaƙa shi ke nan jarinsa har ƙarshen jimla.

A nan Dimitiri ya gagara. A 1989 ya je gasar BBC ta mawaƙan duniya a Kadif ta yankin Wales, yana ɗan shekara 26, ya haɗu da ɗan gida Bryn Terfel wanda shi ma dodo ne, a ƙasarsu, gaban mutanensu. Dimitiri ya ɗauko wurin da aka harbi Rodrigo a opera ɗin Don Carlo da Verdi ɗan Italiya ya tsara, mutum yana mutuwa yana yi wa amininsa wasiyya, sai ya ja doguwar jimla da numfashi ɗaya, wurin da mawaƙa da yawa sai sun tsaya sun shaƙa, shi ya wuce lafiya lau murya ba ta girgiza ba. Shi ya ɗauke kofin, Terfel ya samu kyautar waƙoƙin fiyano. Ku nemi bidiyon a YouTube, ku gwada riƙe numfashi tare da shi, ɗalibi na gaban nan na ga kana murmushi, gwada dai ka ba ni labari. Kuma ba burga ba ce fa, dalili gare shi, mai wasiyya idan ya yanke magana a tsakiya zuciyar mai sauraro ma ta yanke. Wasu suna kushe shi cewa ana jin ƙarar shaƙarsa, kuma muryar ba ta cika girma ba a manyan zaure. Haka ne, ana ji. Ni dai a wurina wanda zai ba ni jimla irin wannan ya shaƙa yadda ya ga dama.

Na huɗu, a'a na uku ko? Sana'ar hawa biyu ce, akwai opera da kaya da kwalliya da makonnin gwaji, akwai kuma shagali inda zai tsaya shi da mai fiyano ko da makaɗa. Ya fara hawa Metropolitan a 1995, a 2004 ya yi waƙoƙin zamanin yaƙin duniya na biyu a dandalin Red Square na Mosko. Manyan mawaƙa galibi daren da suka hau ake biyansu, wanda bai hau ba... na'am Hajiya?

Hajiya tana tambaya idan murya ta tafi fa, ina mutum zai nufa. Ranki ya daɗe wasu koyarwa suke komawa, amma shi nasa ya zo da ban tausayi, muryar ba ta tafi ba. A 2015 aka gano ƙari a ƙwaƙwalwarsa, yana tsakiyar magani ya koma Metropolitan a watan Satumba ya yi wasa, da aka gama makaɗan da ke rami suka yi ta jefa masa fararen furanni. Abin da ciwon ya fara taɓawa tsayuwa ce da tafiya, shi ya sa a ƙarshen 2016 ya bar wasan dandamali amma bai bar shagali ba. A Mayun 2017 ya fito ba sanarwa a bikin cikar zauren Metropolitan shekara 50 ya rera, zaure ya miƙe tsaye. Ya rasu a Landan ranar 22 ga Nuwamba 2017 yana da shekara 55, aka kai shi Mosko aka yi jana'izarsa. Malam na can gefe ya daɗe da ɗaga hannu, a miƙa masa makirifo.